Mainasara Ya Yi Ƙaura

Duk wanda ya tashi a Dinawa ta ƙasar Wurno a ƙarshen zamanin Nasara ya san Inna Kyauta, amma da wuya ka sami wanda ya taɓa ganinta zaune. Tsohuwa ce 'yar firit, baƙa, wuyanta ya ɗan karkace saboda ɗaukar kaya. In ka shimfiɗa mata tabarma sai ta yi godiya ta tsaya a gefenta. Tuwo ma a tsugune take ci, idonta na kan hanyar Rabah. Yara kan tsokane ta su ce ƙaya ce a zaninta. Manya kam ba sa tsokana, don sun san abin da ya hana ta zama, ko da yake shi ma abin da dariya ya fara.

Uwarta ta binne 'ya'ya da dama kafin ta same ta, shi ya sa aka sa mata Kyauta. Da ta isa aure aka ba ta Mainasara, wani dogon manomi mai fara'a, wanda in ana labarin garuruwan nesa har hauyarsa yake mantawa a gindin bishiya. Ba malalaci ba ne, a'a, kunne ne da shi kawai. Dukiyar gidan kaf gona ɗaya ce da ya gada wurin ubansa, ana ce mata gonar gawo saboda wani tsohon gawo da ke tsakiyarta. Kanta na tudu inda gero ke yi, wutsiyarta ta gangara ta taɓo fadama inda dawa ke yi ko da ruwa ya yi ƙaranci. Kyauta ta fi mai gonar son gonar. A gidan ubanta aro suke nomawa, bana nan, baɗi can. Ranar da ta fara zuba iri a ƙasar da ba mai zuwa ya ce a tashi, sai da ta yi hawaye, mijin na gefe yana ta yi mata dariya.

Sun sami 'ya mace, Ladidi, sannan bayan tsawon lokaci suka sami namiji, Isa. Yana goye aka shiga shekarun fara.

Kai, fara ta yi ɓarna! Ta zo bara ta ci rabi, mutane suka ce jarrabawa ce, za ta wuce. Ta dawo bana gero na fitar da kai, ta sauka da hantsi, kafin la'asar gonaki sun koma kara tsirara. Kamar hakan bai isa ba, sai kasuwa ta mutu. Turawan kanti suka karya farashin auduga da fata, fatake suka daina zuwa, albasa ta yi ta ruɓewa a kasuwar Wurno ba mai tayawa. Mutum na da akuya amma ba wanda zai saya, wanda ke da hatsi kuma ya ɓoye. Kaka ta zo ba a ji ƙarar turmi a Dinawa ba, sai mutane suka fara duban hanya.

To, a ƙasar nan tafiya iri biyu ce, kuma kowa ya san bambancinsu tun yana goye. Akwai cin rani: magidanci ya liƙe bakin rumbunsa da laka, ya fita neman abin kai wa baka a wani gari don hatsin gida ya kai damina, in hadari ya fara haɗuwa ya dawo. Wannan gonarsa na nan tana jiransa, ba mai taɓa ta. Akwai kuma ƙaura: mutum ya kwashe iyali ya bar gari. Wannan gonarsa ta koma hannun maigari, ya ba wanda ke da buƙata. Matsalar su Kyauta ita ce, cin rani na maza ne, mata da yara gida ake barin su, su kuwa ba abin da za a bar musu. Dole kowa ya fita. In kuwa aka ga gida ya fita kaf, me za a kira shi?

Kyauta ce ta tashi ta kwaɓa laka. Mainasara ya tsaya yana kallonta ta cika rumbu da kara da ƙaiƙayi.

"Ke, mi za ki liƙe a nan? Iska?"

"Iskar za ni liƙewa, maigida," in ji ta. "Kowa yag ga rumbu liƙe ya san muna dawowa."

Abin da ya tsira na gaske 'yan zangarniyoyin gero ne da ta lulluɓe da zannuwanta ranar da fara ta sauka. Ta sussuke su, ta cuɗa ƙwayar da toka don ƙwari, ta ɗura a gora ta toshe da tsumma. Wannan shi ne iri. Ta bi gida gida tana sallama, kuma a kowace ƙofa sai ta maimaita da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji: "Cin rani na za mu!" Har gaban maigari, Attahiru, ta sa mijin ya je ya faɗa. Maigari ya ce Allah ya kiyaye hanya, a dai dawo kafin shuka.

Suka kama hanya, shi da tabarma da gatari, ita da goyo a baya da ƙwarya a ka, gorar iri a tsakiyar kaya, Ladidi na biye da tukunya. Ba su kaɗai ba ne. Hanyar Goronyo cike take da irinsu, gida gida, wasu da jaki, wasu da tsohuwa a kan jakin, kowa na tambayar kowa ina ake samu. A ce maka Goronyo, ka isa a ce ai da ka zo jiya. A ce Shinaka ana neman masu ban ruwan albasa, ku isa ku tarar da mutum goma a bakin jigo ɗaya, jigon nan da ake ɗebo ruwa da shi daga rafi a zuba wa lambu. Mai lambu ya ga hannu ya yi yawa, sai ya rage abin da yake bayarwa, kuma ba mai cewa uffan, don akwai wani a bayanka da zai karɓa. Mainasara ya ja jigo har tafinsa ya fashe. Kyauta ta yi surfe da daka a gidajen masu hali, ana sallamarta da dusa da ɗan tsaki.

Ba ta taɓa yarda su daɗe a wuri ba. A Kagara wani dattijo ya ji tausayinsu ya ce su kafa bukka a bayan gidansa, har ya nuna musu fili. Mainasara ya fara saran itace, ta zo ta riƙe gatarin.

"Mai cin rani ba ya kahwa bukka. Zana ta ishe mu."

"Yara na kwana a sarari, Kyauta."

"In munka kahwa, wani ya gani ya kai labari gida. Mu tashi."

Suka tashi. Haka ta yi ta kora su gaba, ita da ke son zama wuri ɗaya fiye da kowa a duniya. In wata mata ta ce mata "sannunku 'yan ƙaura," sai ta ajiye taɓarya ta gyara mata magana, ko da kuwa matar ce za ta ba ta dusar ranar. Ta yi asarar aiki a kan wannan ba sau ɗaya ba.

Abin da ya fi ci mata rai gorar nan ce. Yarinya na jin motsin hatsi a cikin kaya alhali cikinta na kuka. Wata rana da azahar, a gindin wata tsamiya, Ladidi ta ce, "Inna, ko ɗan kaɗan mu jiƙa mu tauna." Kyauta ta daka mata tsawa har goyon ya farka. Daga baya ta zaga bayan tsamiyar ta yi kukanta ita kaɗai, ta dawo ta ɗaure gorar a cikin zaninta. Tun daga ranar ba ta ƙara sa ta a ƙwarya ba.

Bazara ta same su a Rabah. A nan ne kunnen Mainasara ya jiyo masa labari. Wasu masu jakai suka ce can gabas akwai gari, Ƙauran Namoda, inda Nasara ya kawo jirgin ƙasa ya tsaya, ana neman ƙarti masu dakon buhunan gyaɗa, kuma a hannu ake biya. Idonsa ya yi haske irin wanda ta daɗe ba ta gani ba. Ta ce damina ta kusa. Ya ce ai shi ya sa zai yi sauri, ya samo abin da za su ci su yi noma, don ba a riƙe hauya da yunwa. Gaskiya ya faɗa, kuma ta san gaskiya ce. Ya ce ta jira shi nan Rabah su koma tare. Kafin ya tafi ya ga wani mai tallan gishiri da zai bi ta Dinawa, ya ce masa don Allah ya gaya wa mutanen gida Mainasara ya yi Ƙaura, yana dawowa kafin ruwa.

Ka san yadda muke magana. Mutum ya nufi Kano, a ce ya yi Kano. Ya nufi Gusau, a ce ya yi Gusau. Mai gishiri ya isa Dinawa da rana tsaka, a gajiye, ya faɗa wa wani a bakin rijiya. Wannan ya faɗa wa wani a masallaci. Kafin magana ta kai baki na uku wutsiyarta ta gutsure, saura "Mainasara ya yi ƙaura." Mutanen da ba su taɓa jin sunan garin ba, me kake so su fahimta?

Kyauta na Rabah ba ta san wainar da ake toyawa ba. Ta dai kasa sukuni. Ta ga gawo ya fara zubar da ganye, ta ga shamuwa ta iso tana ɗaukar tsinke, alamun da ke cewa ruwa na hanya. Kullum sai ta fita bakin gari ta duba gabas ko za ta hango dogon mutum, ta juyo ta duba sama. Ranar kasuwa tana tallan ruwa sai ta ci karo da Uwaliya, maƙwabciyarta ta Dinawa.

"Laa, Kyauta! Ashe kuna nan kusa? Anka ce kun yi ƙaura!"

"Wa yac ce?"

"Gari duka. Maigari ma ya ba Halliru gonar gawo, har ya yi sharar ta."

Tulun da ke kanta ba nata ba ne, amma a nan ta dire shi. Ta fizgi hannun Ladidi, ta gyara goyo, ta kama hanya ko sallama ba ta yi wa masu masaukinta ba. Tabarma da tukunya duk a Rabah ta bar su.

Halliru ɗan baffan Mainasara ne, kuma kada a ɗora masa abin da bai yi ba. Mutum ne mai baki da yawa a gida, gonarsa ta gaji ta koma rairayi, ya ji an ce ɗan'uwansa ya bar gari, ya ga gara shi da bare. In kunnensa ya yi saurin karɓar maganar, to yunwa ce ta buɗe shi.

Kyauta ta iso ƙofar maigari ƙafa duk faso, ta durƙusa a gaban dattawa. Aka aika aka kira Halliru.

"Ranka shi daɗe, cin rani munka tahi, kuma a gabanka anka hwaɗi."

"Haka na," in ji Maigari Attahiru. "Amma saƙo ya zaka daga bakin mijinki cewa ya yi ƙaura."

"Ƙaura gari na, ranka shi daɗe! Ƙauran Namoda, inda jirgi ka tsayawa. Can yat tahi dako."

Sai wani tsoho da ya taɓa fatauci ya ce wallahi akwai garin, ya fashe da dariya har rawaninsa ya zame. Dariya ta kama kowa. Halliru kaɗai bai yi ba. Ya ce shi dai abin da ya ji ke nan, kuma ya zuba gumi a gonar. Sannan ya ce abin da Kyauta ke tsoro tun ranar da ta kwaɓa laka.

"In cin rani na, a buɗe rumbu nai. Na ƙwanƙwasa shi, ba komi ciki. Mai dawowa ba ya liƙe rumbu wofi."

Ta san in aka fasa lakar nan aka ga kara da ƙaiƙayi, ta zama maƙaryaciya a gaban gari. Sai ta riga su.

"Kada ku wahal da kanku, Yaya Halliru. Kara na ciki, ni na zuba. Hwara ba ta bar muna abin liƙewa ba, kai ma ka sani." Ta kwance zaninta ta fito da gorar, ta cire tsumman, ta zazzaga kaɗan a tafinta, gero fari fat da toka. "Ga abin da munka tahi da shi, ga shi mun dawo da shi. Diyata ta yi kuka a kan gorag ga ban ba ta ba. Mai ƙaura shina yin haka?"

Maigari ya daɗe yana kallon tafin hannun nata. Ya ce maganarta ta kama hankali, amma shi ba ya barin gona ta kwana damina ba shuka a shekara irin wannan, kuma mai gonar ba ya nan. In ruwan shuka ya sauka aka ga irin gidan Mainasara a ƙasa, gona tasu ce. In ba a gani ba, Halliru ya shuka.

Kowa ya san abin da hukuncin ke nufi. Ranar da ruwa ya sauka, Halliru zai fito da 'ya'yansa maza, kafin mace ɗaya da yarinya su gama layi biyu sun gama gonar. Saura hanya ɗaya, ita ce binne, wato a shuka iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai zo ba, a bar shi ya jira. Manoma na yi, amma masu irin da za su sake ne ke yi. In yayyafi ya zo ya tayar da ƙwaya sannan rana ta biyo, shi ke nan, an yi asara. Ga zabi da kurciya masu tono. Uwaliya ta ce mata, "Ke Kyauta, kina hauka? Shi ke nan gare ki fa!" Ta ce ta sani.

Ta ari sungumi, doguwar hauyar saran shuka. Tana sara, Ladidi na biye tana jefa ƙwaya tana rufewa da diddige, Isa na kwance a inuwar da gawo ya rage. Ƙasa ta yi zafi har yarinyar na ɗaga ƙafa. Da gorar ta ƙare, Kyauta ta kife ta a kan wani kara a bakin gona yadda duk mai wucewa zai gani.

Daga nan sai jira, kuma jiran ya fi tafiyar wuya. Ta wuni tana zagaya gona tana korar tsuntsaye, ta leƙa hanyar Rabah, ta dawo. Hadari ya haɗu ya watse. Ya sake haɗuwa ya yi 'yan ɗigo, ta tsaya tsakiyar gona tana roƙon Allah ya riƙe shi in ba mai yawa ba ne. Ka taɓa jin manomi na roƙon kada a yi ruwa? Ita ta yi. Sai wata ranar Laraba da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya, har fadama ta cika. Bayan 'yan kwanaki gonar gawo ta yi kore layi layi, tun sauran gari na neman sungumi. Maigari ya zo da kansa ya gani, ya ce magana ta ƙare.

Gona ta tsira. Kyauta ta share ɗakin mijinta, ta yi noman fari ita da Ladidi, tana ɗaga kai duk lokacin da wani ya ɓullo daga hanya. Aka yi maimai bai zo ba. Gero ya nuna, ta yanka, ta fasa lakar rumbu ta zubar da karan, ta zuba hatsi na gaske, bai zo ba. 'Yan cin ranin shekara ta gaba suka ce sun gan shi a Ƙaura yana dako, lafiya lau, ya ce yana nan tafe. Na bayansu suka ce ya bi jirgi ya yi kudu. Daga nan ba wanda ya sake kawo labari.

Ta yi rani tana bin kasuwanni, Rabah, Wurno, Goronyo, tana tare masu jakai da tambaya. Liman ya ce mata shari'a ta ba ta dama, in ta je gaban alƙali ta ce miji ya tafi ba labari, za a sawwaƙe mata. Ta ce ba inda ya tafi, cin rani ya je. Duk wanda ya kuskura ya ce "tun da Mainasara ya yi ƙaura," sai ta tsaya ta gyara masa, kamar yadda ta yi a gaban maigari. Mutane suka koyi kiyaye bakinsu. Ladidi ta yi aure, Isa ya girma ya karɓi hauya, gonar gawo ta ciyar da su duka, har da jikoki.

Shekaru sun ja, wata kaka ana ɗaurin dami, Halliru ya biyo ta bakin gonar yana dogara sanda, ido ya fara yi masa hazo. Ya tarar da ita tsaye a gindin gawo. Suka gaisa. Sannan ya ce akwai abin da ya daɗe yana damunsa.

"Kyauta, mun tsuhwa. Ki yahe mani zancen gonag ga. Kunnena na yaj ji ba daidai ba."

Ta dubi dammunan da Isa ke jerawa, ta dubi hanya. Sai Halliru ya ji motsi, ya waiga, ya ga ta zauna a kan saiwar gawon, ta miƙe ƙafafunta a ƙasa.

"A'a, Yaya Halliru," in ji ta. "Kai kaj ji daidai. Ni ta ban ji ba."

Ta ce da Isa in ya gama ya kawo mata ruwa, ta gaji.